Ni Na Ba Su Lambar Gidanmu

Jama'a, waɗanda suke turo min saƙo cewa kullum a kan wasu nake ɗora laifi, to ku gyara zama. Yau nawa zan zazzage, abin da ko aminiyata ban taɓa faɗa wa ba.

Sunana Maimuna, amma takardun makaranta ne kaɗai suka san ni da shi. Balaraba ake ce min, Baba kuma ya ce Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci. A shekarar 1997 ina da shekara ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Badarawa. Gidanmu yana Unguwar Rimi, wanda Baba, Alhaji Labaran Sanda, ya gina kafin ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Yayyena maza biyu duk suna Legas, saura ni da Mama da Baba.

A falonmu, kusa da kujerar Baba, akwai wani ɗan tebur da Mama ta saƙa wa farin mayafi. A kansa wayar gidanmu take, ruwan toka, irin mai lambobin da ake juyawa da yatsa, da ɗan kwaɗo a jiki don kada baƙi su buga waje. Ku 'yan yanzu da waya ke nuna muku sunan mai kira tun ba ku taɓa ta ba, ba za ku gane ba. Mu a lokacin idan ta yi ƙara, sai ka ɗauka kawai. Ko albishir ne, ko rasuwa ce, ko ɗan iska ne, sai ka ji murya za ka sani.

Baba bai yarda an sa lambarmu a littafin lambobi ba. Mutum ne mai ɓoye al'amarinsa. Shekara guda kafin nan hawan jini ya taɓa shi, hannunsa na hagu ya yi nauyi na 'yan makonni, amma ko abokansa na masallaci ce musu aka yi ya je Zariya. Bayan mu 'yan gida da yayarsa Goggo Delu, mutum ɗaya ne ya san gaskiya: Abdurrahim.

Abdurrahim ma'aikacin ofishin waya ne. Da damina ya zo gyara mana layi, ya hau falwaya da shuɗin kayan aikinsa, ya sauko na miƙa masa ruwa a kofin silba, daga nan layinmu ya riƙa "lalacewa" duk sati. Baba ya so shi. Shi yake tuƙa shi a Fijo ɗinmu zuwa ganin likita. Har an tsayar da ranar da manyansa za su zo daga Badarawa neman aure, Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah.

To ga inda na shigo.

A watan Fabrairu muka je baje koli da malaman makarantarmu. Na ci ado da atamfata mai ruwan ganye da gyale ruwan madara, muna yawo muna cin gurasa. Sai muka ga wata rumfa, 'yan mata sanye da fararen riguna suna auna jini kyauta. A saman rumfar an rubuta Kamfanin Ganyen Rahama. Wata ta miƙo min takarda ta ce in cike, za a yi ƙuri'a, wanda ya ci a ba shi firji. A ƙasa akwai tambaya: "Akwai mai hawan jini ko ciwon suga a gidanku?" Wallahi tausayin Baba ne ya kama ni. Na ce ko akwai wani taimako. Na rubuta sunansa, na rubuta ciwonsa, na rubuta sunan Mama a matsayin mai kula da shi, na rubuta lambar gidanmu da hannuna. Na dawo gida na manta.

Sati uku bayan nan, wata ranar Talata da la'asar, ina falo ina duba littattafan yara, waya ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum, gidan Alhaji Labaran ne?" Muryar mace ce, mai laushi, kamar ta gidan rediyo.

"E, nan ne. Wa ke magana?"

"Ya jikin Baba? Hannun ya saki kuwa?"

"Wace ce?"

"Daga Kamfanin Ganyen Rahama ne, 'yar uwa. Muna da maganin da ake kawo mana daga ƙasar waje, kwalba uku kacal, mutum ya rabu da ƙwayar asibiti har abada."

Na ce ba ma buƙata, na kife. Na zauna ina kallon wayar. Na ce a raina, ai tunda na ce ba ma so, shi ke nan.

Ina! Washegari suka kira sau biyu. Jibi sau huɗu. Wani lokaci macen, wani lokaci wani namiji mai kaurin murya. A jikin wayar akwai ɗan littafin da muke rubuta saƙon wanda ya kira ba ka nan, sai ga shafi guda ya cika da rubutun Mama: "Masu magani sun kira." "Masu magani kuma." "Sun ce a kira su, ba su bar lamba ba."

Ran Juma'a Baba ya dawo masallaci da farar shaddarsa, bai ko cire hula ba ta yi ƙara, ya ɗauka da kansa. Ina ƙofar kicin ina ganin yadda fuskarsa take sauyawa.

"Wa ya gaya miki ba ni da lafiya?" Shiru. "Na ce wa ya ba ku lambata?" Shiru. "To ba ni taki lambar. Ba ni adireshinku." Ya cire wayar daga kunne ya dube ta. An kashe.

Ya juyo. "Uwata, kin san waɗannan mutanen?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma uku ce: ni na bayar. Amma na ga jijiyar da ta tashi a gefen kansa, na tuna likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Haka dai na gaya wa kaina. Gaskiyar magana tsoro na ji.

"A'a, Baba."

Mama tana zaune tana gyaran zogale a tire, ba ta ɗago ba.

Da Asabar Goggo Delu ta iso daga Unguwar Kanawa, da lulluɓinta na leshi ruwan goro da ƙamshin turarenta da ke riga ta shiga ɗaki. Tun can ba ta son Abdurrahim. Cewa take 'yar Labaran guda ba ta dace da mai hawa falwaya ba. Baba ya ba ta labari, ta saurara tana taunar goro, sannan ta tafa hannu.

"Labaran, kai ma da wani abu. Lamba ba ta cikin littafi. Ciwo ba wanda ya sani. Waye a duniyar nan ya haɗa sanin biyun?"

"Yaya, kada ki ce haka."

"Na faɗa. Ai masu aikin wayar nan su ke sayar da lambobin mutane, kowa ya sani. Ka ɗauko yaro ka sa shi a motarka, ka kai shi har gaban likitanka. Ga sakamakon."

Na ce, "Goggo, wallahi ba halinsa ba ne."

"Ke rufe min baki. In ba shi ba ne, waye? Ke ce?"

Ta zuba min ido. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanina. Ta ɗauka kunya ce.

Baba ya juya ya dubi wayar. Can ya ce, "A aika wa mutanensa su dakata da zuwan nan. Kuma kada in ƙara ganinsa a gidana sai na gane bakin zaren."

Na shiga ɗaki na kifa kai a filo. Ina jin Goggo tana cewa ɗan ƙawarta ma'aikacin banki yana nan bai yi aure ba.

Ran Litinin da aka tashi makaranta na tarar da Abdurrahim a ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa, zaune a kan Besfarsa. Ya rame a kwana biyu. Rigarsa ma ba guga.

"Malama," ya ce, haka yake kirana, "kawuna ya gaya min saƙon Baba. Ki dube ni. Kin yarda zan yi haka?"

"Ban yarda ba."

"To shi ke nan, ya ishe ni. Sauran zan wanke kaina."

Da ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Na ce, "Ba yadda za a yi a gane masu kiran?"

Ya ce akwai. Sabon injin da aka kafa a ofishinsu yana iya nuna layin da kira ya fito, amma ba a dubawa sai mai layi ya rubuto ƙorafi ya sa hannu, an haɗa da takardar 'yan sanda. Na san Baba ba zai je gaban ɗan sanda ya ce yana da hawan jini ba. Don haka na ce ni zan gwada.

Washegari na nemi izini wurin hedimasta na tafi ofishin wayar. Na yi layi fiye da awa kafin a shigar da ni wurin wani dattijo mai tabarau, tebur cike da fayil. Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Sun zage ku?"

"A'a."

"Sun yi barazana?"

"A'a, talla suke yi. Amma sau biyar, sau shida a rana. Kuma sun san ciwon mahaifina, mu ba mu san ko sunansu ba."

Ya cire tabarau ya murza ido. "'Yata, ke ce ta tara da ta zo min da maganar nan a watan nan. Ni dai ba a ba ni wata doka da ta hana mutum ya buga waya ya yi talla ba. Ba a kuma ba ni wadda ta tilasta masa ya faɗi lambarsa ba. Na rubuta wa na sama, ina jiran amsa. In kuna so, a canza muku lamba."

"Su da suka shigo mana gida ba za a taɓa su ba, mu ne za mu gudu?"

Ya buɗe hannuwa. "Ki kawo sa hannun Alhaji da takardar 'yan sanda, a ranar zan sa a duba."

Na fito na tarar da Abdurrahim a bakin matakala. Ya ga fuskata, bai tambaya ba. Ya ce a hankali, "Ran Alhamis ni ke ɗakin inji daga sha biyu zuwa huɗu. In sun kira, ki riƙe su da magana. Minti uku ya ishe ni."

"In aka kama ka fa?"

"Takardar tuhuma ce, ko dakatarwa."

"Kada ka yi, don Allah."

"Aikin zan iya samun wani. Sunana fa, a wurin Baba?"

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Wani abokin aikinsa ya kira shi daga sama, Abdurrahim ya ce min sai Alhamis, ya haye da gudu.

Ranar Alhamis na ce wa Mama cikina na ciwo, ban je makaranta ba. Na zauna a falo da doguwar riga ta gida, kai ba ɗankwali, ido a kan waya. Baba ya ci tuwon rana ya shiga ɗaki. Mama sai kaiwa da komowa take, ta goge tebur, ta dawo ta sake goge shi.

"Ba za ki je ki kwanta ba?" ta ce.

"Nan ya fi iska, Mama."

Ƙarfe biyu da kwata ta yi ƙara. Mama ta yunƙuro, na riga ta.

"Hajiya Rabi?" in ji muryar nan mai laushi.

"'Yarta ce. Ina so ki yi min bayanin maganin nan sosai."

Ta fara zubo bayani, ganye kaza daga ƙasa kaza, wane ya sha ya jefar da sanda, wance ta sha ta je Umara da ƙafarta. Ina kallon agogon bango. Na tambaye ta da safe ake sha ko da dare, da ruwan zafi ko na sanyi, mai azumi fa. Da minti biyar suka cika na ce zan yi shawara.

Baba ya fito a fusace, da hular barci a kansa. "Su ne kuma? Kaina kamar zai tsage, ba a barin mutum ya runtsa! Daga yau na hana. Kowa ya kira, kada a ɗauka. Wanda yake da magana da ni ya san ƙofar gidana."

Washegari Juma'a aka tashe mu sha biyu. Abdurrahim yana ƙarƙashin darbejiya da 'yar takarda a hannu.

"Layin yana Unguwar Kanawa, da sunan wani Sambo. Shago ne, bayan wani kantin katifa." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Shugabana ya ga na duba. Ya ce in zo ran Litinin da bayani a rubuce."

"Innalillahi."

"Bar shi. Zan je in gan su, in ji wanda ya ba su lambar, in kawo wa Baba suna."

Na ce, "Tare za mu."

Ya tafi a Besfa, na bi shi a tasi, don ban taɓa hawa bayansa ba. Shagon ɗan ƙarami ne, ba allo, labule ruwan toka a ƙofa. A ciki tebur ɗaya, waya ɗaya, fanka tana juyi da ƙara. Wata matashiya ce zaune, ba za ta girme ni ba, da koɗaɗɗen hijabi da goyo a bayanta. Wayar tana kunnenta, tana karanta wata takarda da aka liƙa a bango.

"...kwalba uku kacal, mutum ya rabu da ƙwayar asibiti har abada."

Ita ce. Na yi zaton zan ga wata hamshaƙiya mai gwala-gwalai. Silifas ɗinta ma da ƙusa aka ɗaure shi.

Ta ajiye waya ta dube mu. Abdurrahim ya nuna mata katin aikinsa. Nan take ta fara rantsuwa.

"Wallahi ni aiki aka ɗauke ni. Sunana Jummai. Oga Sambo ya tafi Kano. Ni dai abin da aka rubuta nake karantawa."

"Ba faɗa muka zo ba," in ji Abdurrahim. "Gidan Alhaji Labaran Sanda, Unguwar Rimi. Wa ya ba ku lambar?"

Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da takardun baje koli, ɗaruruwa, an ɗaure da roba. Ta lasa yatsa tana buɗawa. Ta zaro ɗaya ta miƙa masa.

Ya san rubutuna. Wasiƙa nawa na rubuta masa? Ya karanta har ƙasa, ya koma sama. Bai ɗago ba ya ce, "Tun yaushe kika tuna?"

"Tun kiran farko."

"Ranar da Goggo ta ce ni ne, kina wurin?"

"Ina wurin."

Ya ninke takardar gida huɗu, a hankali, ya sa a aljihun gaba. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Na ce, "Ka yafe min, tsoro na ji," ya ɗaga min hannu kawai.

Jummai tana kallonmu. Sai ta ce, "Au, ke ce ta jiya? Ai na yi mamaki da kike tambaya kamar ba ku sani ba. Hajiya ta karɓi kwalba ta biyu tun ran Litinin."

"Wace Hajiyar?"

"Hajiya Rabi mana. Ita ta fi ɗauka in an kira da hantsi. Mai kai mana kaya ya kai mata ta ƙofar baya. Ta ce kada a gaya wa Alhaji, a shayi take zuba masa."

Na dafa tebur. "Ƙwayoyinsa na asibiti fa?"

Ta nuna takardar bango da haɓa. "Layi na shida. Mai shan Ruwan Rahama ya ajiye duk wani magani, don kada su yi karo." Ta yi ƙasa da murya. "Yau sati guda ke nan da ta ce ta daina ba shi. Ta ce da ya tambaya ta ce masa likita ne ya ce a huta."

"Mene ne a cikin kwalbar?" in ji Abdurrahim.

Ta waiga wajen wata ƙofa a bayanta. "Ni ban sani ba. A cikin duro ake haɗawa a nan baya, a zuba kala." Yaron bayanta ya motsa, ta jijjiga shi. "Uwata ma tana da hawan jinin. Ban taɓa kai mata ba."

Na fizgi wayar da ke kan teburin na buga gida. Ta yi ƙara. Ta yi ƙara. Ina ganin falon a idona, Mama a tsaye tana kallonta, Baba a kujerarsa. Sau goma sha biyu ta yi ƙara. Na kashe na sake bugawa. A na uku aka ɗauka, kafin in ce Baba, na ji muryarsa, "Ku ji tsoron Allah ku bar ni!" Ya kife. Ta ina zai san ni ce?

"Hau," in ji Abdurrahim.

Na tattare zanina na hau bayan Besfar, ban damu da wanda zai gan ni ba. Tituna cike da masu tafiya masallaci, motoci an faka har tsakiyar hanya. Ya bi ta lungu. Muka iso ƙofar gidanmu. Ya tsaya a waje. "An hana ni shiga. Je ki."

Baba yana falo da jallabiya, bai je Juma'a ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya jingina kai da kujera, kofin shayi a hannunsa na dama. Mama tana gefensa tana yi masa fifita.

Na karɓe kofin na ajiye a ƙasa. "Baba, kada ka sha. Mama, ina ƙwayoyinsa?"

Maficin ya tsaya a hannunta.

"Uwata, lafiya?"

Na durƙusa a gabansa. "Baba, ni na ba su lambar. A baje koli na rubuta musu, da sunanka da ciwonka. Ba Abdurrahim ba ne. Na yi maka ƙarya, na bari aka ɗora masa."

Mama ta fashe da kuka. "Alhaji, ni ma... cewa suka yi za ka warke gaba ɗaya. Na gaji da ganinka kana haɗiyar ƙwaya kullum."

Ya dube ni, ya dube ta. Ya buɗe baki zai yi magana, sai na ga gefen bakin ya ja ƙasa. Abin da ya fito ba kalma ba ce. Ya yunƙura zai tashi, hannun hagu ya zame daga kan kujera.

Mama ce ta fita da gudu, ba mayafi, ba takalmi, ta buɗe get. "Abdurrahim! Shigo, ɗana, shigo!"

Shi ya ɗauki Baba a kafaɗa ya sa a Fijo. Shi ya tuƙa, yana danna ham, ni ina baya na riƙe kan Baba a cinyata ina karanta duk abin da ya zo bakina. Shi ya ce min in koma in ɗauko kwalbar kafin mu tashi, kuma shi ya miƙa wa likita ita da hannunsa.

Wajen la'asar likitan ya fito ya ce an kawo shi da wuri, jinin ya fara sauka, amma maganar baki da hannu sai an ga kwana uku. Ya ɗaga kwalbar ya ce, "Wannan kuma wa ya ba shi?" Ya girgiza kai ya koma ciki.

Abdurrahim ya kawo mana ruwa a leda, ya miƙa wa Mama makullin mota. Na bi shi zuwa bakin baranda.

"Za ka dawo?"

"Zan dawo don Baba." Ya taɓa aljihunsa inda takardar take. "Wannan zan haɗa da bayanina ran Litinin. Akwai ɗaruruwan gidaje a cikin kwalin can, kuma kowanne ana karanta masa layi na shida. Sai an rufe wurin."

"Mu fa?"

Ya kawar da kai. "Malama, kwana shida kina kallona ina yawo da laifin da ba nawa ba. Ban san amsar da zan ba ki yau ba."

Ya sauka matakala. Na koma na zauna kusa da Mama a benci. Ta kamo hannuna ta matse, tafinta sanyi ƙalau.

"Balaraba, ki rufa min asiri. In Goggonki ta ji maganar kwalbar nan, zamana a gidan ya ƙare. Ki ce faɗuwa kawai ya yi."

"Mama, in na ce haka, wa za ta ɗora wa?"

Kafin ta buɗe baki muka jiyo taku. Goggo Delu ce tafe daga ƙarshen baranda, lulluɓi ya zame zuwa kafaɗa, tana haki. Ta tsaya a gabanmu.

"Yanzu na yi karo da yaron nan a bakin get. Me ya kawo shi? Shi ya je ya tayar wa ɗan'uwana da hankali har ya faɗi, ko?" Ta juyo kaina. "Ke nake tambaya, Balaraba. Kina wurin. Faɗa min abin da ya faru."

Farcen Mama ya nutse a tafin hannuna. Na zare hannun a hankali, na miƙe tsaye.

"Goggo, zauna," na ce. "Maganar tana da tsawo, kuma daga kaina za ta fara."